Talatin da Biyun Baffa Ilu

Baffa Ilu ba ya duban mutum a ido, baki yake duba. Kana durƙushe kana jera masa gaisuwa, ina kwana Baffa, an tashi lafiya, ya iyali, ya gajiyar kasuwa, shi kuwa ya karkata kai gefe, asuwakin marke maƙale a kusurwar bakinsa, yana leƙen abin da ke bayan leɓenka. Kafin ka kai kan "ya jikin Hajiya" ya gama da kai.

"Lafiya lau. Wancan na ƙasan, tun yaushe ya fara baƙi?"

Ku da kuka yi zaman karar Wudil kun san ban ƙara ko gishiri ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana dillancin shanu, kuma duk Juma'ar da gardama ta kaure a kan shekarun sa, shi ake kira. Ya kama hancin, ya danne leɓen ƙasa da babban yatsa, ya leƙa sau ɗaya tak. "Mai huɗu ne. Wanda ya ce maka mai shida ne ya je ya nemi gafarar Ubangiji." Magana ta ƙare. To abin da yake yi wa shanu shi yake yi wa mutane, sai dai mu ba ya kama mana hanci.

Ni Habu, ɗan ƙaninsa, ni na fi kowa shan wannan duba. Direban motar shanu ne ni, shekara ashirin ina bin hanyar Kudu, kuma ba ni da ilimin da ya wuce na aji huɗu, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. A hanya me muke ci? Shayi mai sukari cokali biyar, lemon kwalba, alewa a baki don kar gyangyaɗi ya kwashe ka. Haƙorana shida sun tafi, ɗaya ma a Lokoja na baro shi. Duk dawowata sai ya ce in buɗe. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Habu, da sa ne kai, wallahi ko mahauci sai an roƙe shi."

Nasa kuwa, kai jama'a! Talatin da biyu cif, farare tas, jere kamar an auna da igiya. Ba ya cin goro. Ba ya shan abu mai sukari. Asuwaki kafin kowace salla, kuma sai na marke, na wata bishiya guda da ke kan hanyar Indabo, da ƙafa yake zuwa ya saro. Ya ce darbejiya ta malalata ce, tunda tana ƙofar gidan kowa. Bai yi mota ba, bai yi bene ba, rigunansa ba su wuce huɗu ba. Abin da ya riƙe a duniya ɗaya ne, kuma kullum sai ya faɗa:

"Talatin da biyu aka ba ni ajiya, talatin da biyu zan mayar. Ba zan tsaya gaban Mai abu in ce ɗaya ya faɗi a hanya ba."

Mutane suna dariya. Shi ba wasa yake ba.

Lokacin da aka zo neman auren Zulai, autarsa, yaron ya zo gaisuwa da haƙorin Makka yana ta walwali. Yaro mai hankali, mai shagon taya, yarinyar na sonsa, kowa ya yarda. Baffa ya bar shi ya gama gaisuwa tsaf.

"Me ka ɓoye a ƙarƙashin wancan?"

"Ba komai Baffa, lafiyayye ne. Ado ne kawai."

"Lafiyayye! Ka ɗauki lafiyayyen haƙori ka kai aka kankare shi aka lulluɓe da ƙarfe? To ita ma yarinyar lafiyayya ce, me za ka yi mata?"

Sai da yaron ya rantse ba zai sa na biyu ba aka tsayar da rana.

Ba za a yi zancen Baffa a bar Alhaji Modu ba. Shi ma dillali ne, rumfarsu na kallon juna. Babarbare ne, mu kuma asalinmu Fulani, duk da Fulatancin ya tsere mana tun kakanni, to kun san wasan da ke tsakani. Kullum wannan na ce wa wancan bawansa. Alhaji Modu ba shi da haƙori ko ɗaya nasa, na roba ne sama da ƙasa, idan zai yi alwala sai ya zare ya ajiye a kan murfin buta. Kuma ya sha faɗa a gaban jama'a:

"Ilu, ranar da ɗaya ya fita, nawa ne. Hudawa zan yi in rataya a wuya in zaga kara sau bakwai."

"Sai ka jira, bawana. Ka samu wuri ka zauna."

Sau ɗaya na ga sun haɗa kai. Wani mai cire tsutsar haƙori ya zo ya kafa a bakin kara. Kun san aikin: ya ƙona wasu 'ya'yan itace a kan kasko, ya kifa mazurari, ka hangame baki hayaƙi ya shiga, sai ya nuna maka wasu fararen abubuwa a cikin kwanon ruwa ya ce ga tsutsar da ke cinka. Fulani masu kawo shanu suka yi masa layi. Baffa ya tsaya ya kalla, ya kalla, sai ya tsallaka rumfar Alhaji Modu suka yi ƙus-ƙus. Can sai ga su. Alhaji Modu ya naɗe muƙamuƙi da rawani, yana nishi kamar mai naƙuda, Baffa na riƙe da shi.

"Malam, taimaki bawan nan nawa. Kwana uku bai ci ba."

Mai magani ya ce kar ma ya wahalar da kansa, ya ɗan buɗa kaɗan hayaƙi ya samu hanya. Aka yi turare. Ya ɗaga kwano sama yana nuna wa mutane. "Tara! Ku ƙirga da idonku! Har da uwarsu!"

Sai Alhaji Modu ya warware rawani ya wangale baki gaba ɗaya. Dasashi zalla, jajir, ko tsinke babu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa ya ɗaga.

Baffa ya ce, "Malam, don Allah tsutsar nan a ina take kwana?"

Kafin la'asar mutumin ya naɗe tabarmarsa. Har yau ban san inda ya nufa ba.

To ga inda abin ya zo. Baffa yana da hali guda da ba ya jin magana a kai: ba ya yanka igiya. Duk ƙullin da ya gagari yatsa, da haƙori yake kwance shi. Ya ce wanda ya yanka igiya mai kyau bai san zafin tufka ba. Wata Juma'a muna lodi, igiya ta cije a ƙahon wani bijimi, samari uku suka kasa. Na miƙa wuƙa.

"Mayar da abarka. Sabuwar igiya za ku yanka?"

Ya sunkuya ya kafa mata turmin dama. Bijimin ya fizge kai. Ƙas! Ni da nake kan mota na ji. Baffa ya miƙe, ya tofar da yawu, ya ce, "Igiyar ce." A lokacin ya kusa saba'in.

Wata biyu yana ɓoyewa. Amma ni na lura. Asuwaki ya koma kusurwar hagu. Ruwan randa mai sanyi da yake kwankwaɗa, yanzu sai ya ajiye kofi a rana tukuna. Na kawo masa kilishi ya ce azumin nafila yake, ranar Laraba. Sai wata safiya kunci ya tashi kamar ya ɓoye lemo a ciki.

"Zuma ce ta harbe ni."

Alhaji Modu ya ce, "Ikon Allah! Yau ga zuma mai harbi daga ciki." Juma'ar da ta biyo sai ga shi da jan zare a wuya, ba komai a jiki. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ajiyar wuri ce, kaya na hanya.

An yi kanumfari. An yi ruwan ɗumi da gishiri. Sukan ɗan kwantar da zafin, su bar kumburin. Ni da kaina, Allah ya yafe mini, na ce a ɗiga ruwan batir, haka muke yi a hanya.

"Shi ka sa wa naka?"

"E, Baffa."

"Ina suke?"

Na janye zancen batir.

Da ƙyar na ja shi wani ɗan asibiti. Ma'aikacin wurin ya haska tocila, bai yi minti ɗaya ba ya ce sai cirewa. Baffa ya sauko daga kujera.

"Kai idan sa ya yi ɗingishi yankawa kake?"

Ya fice da tsumman da aka ɗaura masa a wuya, sai da na bi shi har titi na kwance na mayar musu.

Daga nan dariya ta ƙare. Kumburi ya doshi ido. Zazzaɓi ya rufe shi. Ko kunu sai da cokali. Hajiya matarsa tana kuka a tsakar gida, Zulai ta zo daga gidanta ta durƙusa tana roƙo. Ni ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Na tsaya a kansa na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baffa, haƙori ɗaya zai kai ka kabari!"

Ya buɗe idon da ke buɗuwa. "To ai da shi zan tafi."

Na fita zaure na zauna na riƙe kai. Wallahi na fara tunanin in kira samari huɗu mu danne shi kamar sa.

Allah ya kawo Malam Bulus. Malami ne a jami'a, mutumin Kudancin Kaduna, yana haya a gidan da ke jikin namu. Ya shigo dubiya bayan ya dawo daga coci, ya zauna a bakin tabarma, ya ji yadda ake ciki.

"Baba, ai ba kowane ake cirewa ba. Ni an yi mini a Kano. Jijiyar da ke ciki ita ke ciwo. Sai su cire ta, su wanke ramin, su cike, su sa masa hula. Haƙorin na nan a mazauninsa."

"Haƙorinka na ainihi?"

"Nawa na ainihi, da saiwarsa."

"Buɗe."

Babban malami, mai digiri ban san nawa ba, ya durƙusa ya hangame. Baffa ya sa aka ɗaga labule haske ya shigo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da gindin asuwaki. Ya je ya dawo. Ya sake zuwa.

"Wanne ne?"

"A'a Baba, kai ne gwani. Nemo."

Bai samu ba. Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa ɓoye masa komai a bakin dabba ba! Ya jingina da bango ya daɗe. Sannan ya ce, "Habu, miƙo mini hulata."

Washegari Malam Bulus ya kai mu a motarsa. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, da ƙyalle a baki. Ta ce Baba bismilla, hau kujera. Baffa ya tsaya ƙyam.

"Sauke wannan tukuna."

Na ce a raina shi ke nan, za a kore mu. Sai ta sauke, ta yi masa murmushi har turame. Ya matsa ya karkata kai.

"Ba ki kai talatin da biyar ba. Da ɓangaren dama kike tauna. Kuma kina cizon haƙora cikin barci, ga kaifinsu nan ya soma dakushewa. Me ke damun ki?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, marasa jin magana irinka ne ke damuna. Na ci jarrabawar?"

"Kin ci."

Aka ɗauki hoton haƙorin. Ta dawo ba dariya. Ta ce ya tsage, ƙwayar cuta ta bi tsagar ta shiga ciki ta tara mugunya. Ta ce da mun ƙara sati guda, ba zancen haƙori za a yi ba, zancen rai za a yi. "Zan gwada. Amma ka ji da kyau, Baba. Idan na buɗe na ga tsagar ta gangara har saiwa, ba ni da dabara. Cirewa zan yi, ko ka so ko ka ƙi."

Ina kallon hannunsa yana murza gefen riga.

"Idan ta kai, za ki nuna mini in gani da idona?"

"Zan nuna maka."

"To na yarda. Ke ba ki yi kama da mai ɓoye aibin kaya ba."

Da ta ɗauko allurar kashe zafi, mutumin nan da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya lalubo hannuna ya damƙe. Har yanzu idan sanyi ya yi ina jin wurin. Ta fitar da mugunyar, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce mu dawo. Muna fita ya haɗu da wani mutumin garin Darki da ya sani, ya tsaya zai gaisa, leɓe ya ƙi bin umarni, yawu na zuba a riga. Mutumin ya ce, "Subhanallahi, shanyewar ɓarin jiki ce?" Baffa ya nuna ni ya ce wani abu. Ban gane ba, amma na san zagi ne.

Zuwa na biyu shi ne mai nauyi. Kumburi ya sauka, ta buɗe haƙorin sosai. Ina zaune a kusurwa ina ta salati, injin na ƙara kamar na masu gyaran agogo. Ta daɗe tana leƙe da ɗan madubinta. Sai ta ɗago.

"Baba, ta tsaya a sama. Saiwa lafiya lau."

Bakinsa cike da auduga da ƙarfe, ba halin magana. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Hawaye na bi ta gefen kunnensa. Daga baya ya ce fitilar ce ta yi masa ƙarfi.

Sau huɗu muka je kafin a sa hular. Kuma kar ku ɗauka ta ƙyale shi haka. Ta ce gawayi da gishirin da yake dirzawa duk Juma'a sun cinye masa dasashi, ya daina. Ta sa madubi ta nuna masa bayan haƙoransa na ƙasa, wani dattin da ya daskare kamar siminti.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Na maƙwabta ne, Baba?"

Ta kankare shi tas. Ta ba shi buroshi da man goge baki da wani siririn zare na sakace. Zaren ya karɓa hannu biyu, ya ce duk wanda ya ƙirƙiro shi ya san nama, ya yar da tsinken tsintsiya daga ranar. Buroshi kuwa ya ce na wanke takalmi ne. Suka yi ciniki kamar a kara, ita ta sauko, shi ya hau, aka tsaya a kan zai riƙa shafa man a kan asuwakinsa, safe da kuma kafin ya kwanta. Igiya kuwa ta ce idan ta sake jin labari, da kanta za ta zo Wudil. A hanyar dawowa ya sa aka tsaya, ya sayi wuƙa. Ta farko a rayuwarsa.

Duk wannan ba wanda ya sani a kasuwa. Ya hana mu faɗa. Abin da aka sani kawai, an kai Ilu Kano wajen masu cire haƙori.

Ranar Juma'ar da ya koma, ya naɗa rawani ya rufe baki har hanci. Ya shigo kara a sunkuye, yana jan ƙafa, ni ina bayansa ina cizon leɓe. Kafin mu kai rumfa mutane sun taru. Alhaji Modu ya taso da jan zarensa yana rangaji, babbar riga na jan ƙasa.

"Sannu bawana! Sannu da jiki! Ina kayana? A aljihu yake ko a takarda aka ƙunshe?"

Baffa ya yi wani gunaguni a cikin rawani.

"Ku ji! Ko magana ta gagara! Ku matsa, ku buɗe mini hanya, sau bakwai na ce!"

Baffa ya zauna a kan benci. Ya warware rawanin a hankali, ya ninke, ya ɗora a cinya. Ya ɗaga kai.

"Ƙirga."

Alhaji Modu ya sunkuya ya fara da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Kafin ya kai goma jama'a sun karɓa, dillalai, mahauta, masu lodi, Fulanin da suka san labarin mai tsutsa, kowa na bi da murya ɗaya. Ashirin da tara! Talatin! Alhaji Modu ya fara rage sauri. Talatin da ɗaya. Ya tsaya da yatsa a kan na ƙarshe kamar zai iya hana shi.

Kara ta ɗauka: "Talatin da biyu!"

Wallahi har shanu sai da suka firgita. Ya ce bai yarda ba, ya sake bi daga ɗaya gefen. Talatin da biyu. Ya ce to na roba ne aka dasa, ya kama ya jijjiga, ko motsi. Baffa ya miƙa hannu ya zare jan zaren daga wuyansa, ya ɗaura wa wata akuya da ke wucewa.

"Je ki zaga, sau bakwai. Ubangidanki ya gaji."

Daga ranar Baffa ya zama dillalin likita. Duk wanda ya gani da hannu a kunci sai ya tare shi: kar ka jira ya kumbura, kar ka bari a ɗiga maka komai, je a duba tun ramin na ƙarami. Ni ma bai bar ni ba. Ya tasa ni gaba har kujerar, aka yi mini ciko biyu, yana tsaye yana ce wa likita, "Lallaɓa shi, saura kaɗan ne a garken."

Ya ƙara shekara shida. Ba haƙori ne ya kai shi ba, ciwon ƙirji ne na kwana tara, bayan an gama girbin gero. Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyata.

Da aka gama rufe shi mutane suka watse, sai na hangi Alhaji Modu bai tashi ba. Ya tsufa sosai, yana tsugune a gefen kabarin ya dogara da sanda. Na je zan ɗaga shi. Ya riƙe hannuna.

"Habu. Duka?"

"Duka, Alhaji. Talatin da biyu."

Ya gyaɗa kai. "Ja'irin Bafillace. Ya cinye ni." Sai ya ja gefen rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na tsuguna kusa da shi.

Allah ka ji ƙan Baffa Ilu. Ka yafe masa taurin kai da zafin baki, ka san cikinsa ba mugunta. Ka sanyaya masa makwanci, ka haskaka shi. Ka saka wa waɗanda suka tsaya masa da alheri, ka ba Hajiya da Alhaji Modu haƙurin rashinsa. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.